Daga Fartanya da Tauraro Zuwa Shafin Intanet: Yadda Aka Yi Ta Nuna wa Ɗan Ɗorayi Hanyar Akwati

Wanda ya san Ɗorayi ta yau, mai cunkoson 'yan adaidaita-sahu da lungunan da ba a ganin ƙarshensu, da wuya ya yarda cewa a zamanin En'e ƙauye ce a bayan ganuwa, gonaki sun kewaye ta, kuma abin da aka fi saninta da shi shi ne gidan Sarki, wanda har gobe ake yin hawan Ɗorayi dominsa a kwanakin Sallah. Masana'antu da jami'a ne suka sauya mata kamanni. Bompai ta fara tun kafin 'yancin kai, Sharaɗa da Challawa suka biyo baya a shekarun arzikin man fetur, Jami'ar Bayero kuma ta kafu a maƙwabtanta. Leburori da masu gadi da direbobi da ƙananan ma'aikata suka zo neman ɗakin haya mai sauƙi. Gonaki suka koma filaye, filaye suka koma gidaje. Yanzu Ɗorayi ɗaya ce daga mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Gwale, kuma ɗan takarar da ya raina ta yakan gane kurensa a daren tattara sakamako.

Idan ana ba da tarihin zaɓe a Kano, labarin manya aka fi ji: wa ya ci, wa ya sha ƙasa, wa ya yi aringizo. A ƙarƙashin wannan akwai wani tarihin da ba a cika kula da shi ba, na yadda hukuma ke sanar da talaka ko sunansa na cikin rajista, ina zai je, yaya zai gane ɗan takararsa, da kuma yadda zai tabbatar an ƙirga ƙuri'arsa. Shekara saba'in da ɗoriya ke nan ana wannan aiki, an gwada baki, an gwada zane, an gwada layi, an gwada na'ura. Shafin intanet shi ne na baya-bayan nan, kuma shi ne ya fi kowanne manta wanda aka yi shi dominsa.

A 1951, lokacin da tsarin mulkin Macpherson ya kawo zaɓe Arewa, mai zaɓe ba ya buƙatar sanin komai sai wurin taro da ranar taro. Wannan kuwa aikin mai unguwa ne da dagaci da mai shela. Maza masu biyan haraji su taru a fili su fitar da wakilai, wakilan su je mataki na gaba su sake fitar da wasu, haka dai har a kai matakin lardi, inda ake zaɓen waɗanda za su tafi majalisa a Kaduna. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ta taka rawar gani a matakin farko cikin birni. Amma doka ta bai wa En'e dama ta cusa mutanenta, har kashi 10 cikin 100, a majalisar zaɓe ta ƙarshe. Da aka kai can sai 'yan NEPU suka tashi a tutar babu. Talaka ya ɗaga hannu a ƙofar mai unguwa, daga nan ba shi da hanyar bin sawun abin da ya zaɓa. Shi ya sa tun daga farko neman NEPU ya haɗa da zaɓen kai tsaye da kuma ƙuri'ar sirri.

Sun samu biyun a zaɓen tarayya na 12 ga Disamba 1959, kuma a nan ne aka yi dabarar da ta cancanci a tsaya a kanta.

Matsalar da ke gaban masu shirya zaɓen a bayyane take. Mafi yawan waɗanda za su jefa ƙuri'a a Arewa ba sa karanta boko. Da yawa suna karanta ajami, suna da allo da littattafan addini a gida, amma wannan ilimi ba ya cikin lissafin gwamnati. Gangamin Yaƙi da Jahilci bai daɗe da farawa ba, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ake bugawa a Zariya tun 1939 kuwa mutum ɗaya ke karanta wa goma. Sai aka ce to, kada a nemi kowa ya rubuta komai. Kowane ɗan takara a ba shi akwatinsa, a manna masa alamar jam'iyya, a jera akwatunan a bayan shamaki. Mai zaɓe ya karɓi takarda, ya shiga shi kaɗai, ya nemi hoton da ya sani, ya jefa. NPC na da fartanya, NEPU na da tauraro, NCNC zakara, AG kuma bishiyar kwakwa. Indiya ta yi irin wannan a zaɓenta na farko a 1951 zuwa 1952 saboda dalili iri ɗaya. Motocin majigi da mawaƙan jam'iyyu da masu wa'azin siyasa a dandali suka ɗauki sauran aikin, har ya zama yaro ma ya san wace alama ce ta wa. A wannan zaɓe Malam Aminu Kano ya ci kujerar Kano ta Gabas.

Tsarin yana da ramuka. Tunda ba mai ganin abin da ke faruwa bayan shamaki, mutum na iya soke takardarsa a aljihu ya fito ya sayar, wani amintacce ya shiga da su a dunƙule ya zuba a akwati ɗaya. Kuma rabin jama'a ba sa ciki sam, domin matan Arewa ba su da ƙuri'a, duk da ɗauri da dukan da irin su Hajiya Gambo Sawaba suka sha a kan maganar. Sai 1976 gwamnatin soja ta ba su wannan 'yanci. Duk da haka, ta fuskar sauƙi, wanda ya tsara zaɓen 1959 ya fara ne da tambayar abin da mai zaɓe ya riga ya sani, sannan ya gina a kai.

A 1979 hukumar FEDECO ta tattara alamomin ta zuba su a takarda ɗaya, akwati ma ya zama ɗaya, aka kawo dangwale da babban yatsa. Aka rage shekarun zaɓe zuwa 18. Aka yi zaɓuka biyar a jere, daga 7 ga Yuli zuwa 11 ga Agusta. A Kano ba a sha wahalar bayani ba: mabuɗi na PRP, gida da masara na NPN. Matan aure da suka fito zaɓen ƙasa karon farko, lulluɓe da mayafi, abin da aka ce musu a gida ko a gidan biki shi ne su nemi mabuɗi ko su nemi masara. Mabuɗi ya kai Abubakar Rimi gidan gwamnati. Gwamnatinsa ta kafa hukumar ilimin manya a 1980, kamfanin jaridar Triumph na jiha kuma ya riƙa fitar da Albishir da boko, Alfijir da ajami. Wato a Kano an taɓa yin gwamnatin da ta yarda cewa idan tana son magana da jama'a, sai ta rubuta da rubutun da suke karantawa. A wancan lokaci ne kuma masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai ke kan ganiyarsu, masaƙu da majemu da kamfanonin alewa da na roba suna aiki dare da rana, ƙungiyoyin ƙwadago kuma sun zama wata makarantar siyasa ga ma'aikaci.

Sai zamanin Babangida, da hukumar NEC ƙarƙashin Farfesa Humphrey Nwosu ta zo da abin da Bahaushe ya raɗa wa ƙato bayan ƙato. Jam'iyyu biyu kacal, SDP mai doki da NRC mai gaggafa. A zaɓen ƙananan hukumomi na Disamba 1990 da na gwamnoni na Disamba 1991, wanda ya kawo Kabiru Gaya, babu takarda babu akwati. A kafa hoton ɗan takara, masoyansa su yi layi a bayansa, a ƙirga kawuna da babbar murya, a faɗi adadi kowa na ji. Ba a taɓa yin tsarin da ya kai shi sauƙin fahimta ba, kuma har yau akwai dattawa a majalisun unguwa da ke cewa shi ne zaɓen gaskiya. Amma sauƙin yana da tsada. Ɗan haya yana layi mai gida na kallonsa, lebura yana layi ga wanda ya samo masa aiki a ɗaya layin, matar aure ga dangin miji. Mutane da yawa sun gwammace su zauna a gida. Zuwa 12 ga Yuni 1993 an gyara shi, aka dawo da takarda a dangwala a ɓoye, a jefa a fili, a ƙirga a fili. Sakamakon ya nuna abin da sirri ke iya yi: Abiola ya fi Bashir Tofa ƙuri'a a jihar Kano, mahaifar Tofa. Aka soke zaɓen ranar 23 ga watan.

Wani abu ya faru a 1996 wanda ba a yi hayaniya a kansa ba, amma ya fi shafar Ɗorayi fiye da yawancin abin da aka yi hayaniya a kai. A shekarar aka tsayar da rumfunan zaɓe na ƙasa, kusan 120,000, Kano na da 8,074. Daga nan aka shekara 25 ba a ƙara ko ɗaya ba. A cikin waɗannan shekaru ne unguwannin bayan gari suka tumbatsa. Rumfar da aka yanka wa 'yan gidaje kaɗan a bakin wata firamare ta wayi gari da mutum dubbai a rajista, sai dai a tsaga ta gida-gida a ranar zaɓe a kira su wuraren jefa ƙuri'a na wucin gadi. Sunayen rumfunan kuma suka tsaya a zamanin da aka raɗa su: ƙofar gidan wane, alhali wanen ya rasu an raba gidan gado, filin kaza, alhali filin ya zama shaguna. Baƙon da ya tare a unguwar bara ba shi da yadda zai gane wurin sai ya tambayi ɗan gari.

Da aka dawo mulkin farar hula a 1999 da hukumar INEC, abin da ya fi sauya yadda ɗan Kano ke samun labarin zaɓe bai fito daga hukumar ba. Wayar salula ta shigo a 2001. A ƙarshen 2003 gidan rediyon Freedom ya fara watsa shiri daga cikin rukunin masana'antu na Sharaɗa, wasu gidajen masu zaman kansu suka biyo baya, aka samu shirye-shiryen siyasa irin su Kowane Gauta da rundunar sojojin baka. Za a iya kushe su da yawan zage-zage, kuma sun cancanci kushen. Amma ranar da za a fara rajista, da ranar da za a rufe, da inda ake raba kati, ta nan mafi yawan mutane ke ji, da Hausa, a kyauta, suna tuƙi ko suna ɗinki ko suna girki.

Zaɓen 2007 ya lalace har wanda ya ci, Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya amsa da bakinsa cewa akwai gyara, ya kafa kwamitin Mai Shari'a Uwais. Ɗaya daga 'yan kwamitin, Farfesa Attahiru Jega, shugaban Jami'ar Bayero a lokacin, shi aka miƙa wa INEC a 2010. Da shi zamanin na'ura ya kankama. A farkon 2011 aka yi sabuwar rajista da kwamfuta da kyamara da abin ɗaukar zanen yatsa, aka rubuta mutum miliyan 73.5. Gabanin 2015 aka kawo katin zaɓe na dindindin da na'urar karanta shi. Ranar 7 ga Maris 2015 aka yi gwajin na'urar a jihohi 12, kuma a Kano mazaɓar Ɗanmaliki aka zaɓa, a ƙaramar hukumar Kumbotso, wadda Challawa ke cikinta. Katin dai na'ura ta karanta, amma yatsa ya ba da wahala: a faɗin gwajin kashi 59 cikin 100 ne kawai ta gane zanen yatsunsu. Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san hannun majemi, ko na makaniki, ko na mai dakau. Aka yi ta jan kunnen mata kan lalle. Ranar zaɓe kuwa, 28 ga Maris, na'urar ta ƙi shugaban ƙasa mai ci, Goodluck Jonathan, a garinsu Otuoke, kowa na kallo a talabijin.

Takardar ƙuri'a ita ma ta fara fin ƙarfin dabarar 1959. A 2019 jam'iyyu 91 ke da rajista, 'yan takarar shugaban ƙasa 73. Alamomi suka ƙanƙance, gajerun sunaye suka yi kama da juna, takarda ta yi tsawon da sai an naɗe ta sau da yawa, tawada ta taɓa inda bai kamata ba. Ƙuri'a fiye da miliyan 1.2 aka soke a zaɓen shugaban ƙasa na shekarar. A watan Fabrairu 2020 hukuma ta soke rajistar jam'iyyu 74.

Shekarar 2019 ta bar wa Kano wani darasin. Zaɓen gwamna na 9 ga Maris aka ce bai kammala ba, bayan hargitsin da aka yi wurin tattara sakamakon ƙaramar hukumar Nassarawa, wadda Bompai ke cikinta. Mazaɓar Gama ta zama abin magana a duk ƙasa. Aka sake zaɓe ranar 23 ga wata, Abdullahi Ganduje ya tsira da ratar da ba ta kai 9,000 ba. Kowane ɓangare na da nasa labarin abin da ya faru, kuma ba nan ne wurin raba gardamar ba. Abin lura shi ne, duka rigimar a kan takarda ce, takardar sakamakon rumfa da ake kira EC8A, da abin da ke samunta tsakanin rumfa da zauren tattarawa. Tambayar da ɗan NEPU ya yi a 1951, ina ƙuri'ata ta shiga bayan na bar wurin, ita ce dai ba a amsa ba.

Amsar da INEC ta kawo a ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu ita ce intanet. Ranar 8 ga Agusta 2020, a wani zaɓen cike gurbi a jihar Nasarawa, aka buɗe shafin IReV, inda malamin zaɓe zai ɗauki hoton takardar sakamako a rumfa ya ɗora kowa ya gani. A Yuni 2021 aka ƙara rumfuna zuwa 176,846, Kano ta koma 11,222. Ranar 28 ga wannan wata aka buɗe shafin fara rajista daga gida. A Satumba aka fara aiki da na'urar BVAS, wadda idan yatsa ya ƙi sai ta duba fuska, kuma wannan gyara ne na gaske ga mai aikin hannu. A Nuwamba 2022 aka baje rajistar ƙasa baki ɗaya a intanet karon farko, matasa suka yi ta zaƙulo hotunan yara ƙanana da sunayen da suka maimaitu. Duk wanda ya ce ba a ci gaba ba bai yi adalci ba.

Sai dai a duba yadda shafin rajistar yake ga mai sana'a a Ɗorayi Ƙarama. Da Turanci yake tun daga sama har ƙasa. Kafin a fara sai an buɗe asusu, asusu kuma na neman adireshin imel da kalmar sirri, abin da mutum zai shekara yana WhatsApp da TikTok bai taɓa buƙata ba, ko kuma mai shagon waya ne ya buɗe masa ya manta. Sai cike fom, sai ɗora hoto, sai zaɓen ranar zuwa ofis, duk a kan ƙaramar waya da datar naira ɗari biyu da sabis mai zuwa yana ɗaukewa. Bayan duk wannan, rajista ba ta cika ba sai an je da ƙafa an ɗauki yatsa. Alƙaluman hukumar da kanta sun faɗi sauran labarin. Zuwa rufe rajista ranar 31 ga Yuli 2022, mutum kusan miliyan 10.5 ne suka fara ta intanet, amma miliyan 3.4 kawai suka kammala. Fiye da miliyan bakwai sun tsaya a hanya. Wasu sun ɗauka sun gama, wasu sun je sun tarar da layi sun juya. Ma'aikacin kamfani da ake yanke wa kuɗin yini idan bai shiga ba, ba zai kwana uku yana bin layi ba.

Daga cikin waɗanda suka kammala ta kowace hanya, miliyan 12.3, an soke kusan miliyan 2.8, akasari saboda maimaita rajista. Cikinsu akwai 'yan damfara, babu shakka. Amma akwai wanda katinsa ya ɓata, ko ya tashi daga Kurna ya koma Ɗorayi, abin da yake buƙata shi ne sauyin kati ko sauyin rumfa, ba wanda ya fahimtar da shi, sai ya sake sabuwa.

To wa ya cike giɓin? Mai kafe, da yaron da ke shagon cajin waya, da matasan da 'yan takara suka ɗauka suka ba su kwamfuta da rumfa a bakin titi suna yi wa mutane rajista kyauta. Ƙungiyoyi irin su CITAD da ke Kano sun yi nasu ƙoƙarin wayar da kai. Amma a lura da inda aka kwana. Shafin da aka yi don mutum ya tsaya da ƙafarsa ya sake mayar da shi hannun ɗan tsakiya, kuma sau da yawa ɗan tsakiyan na da jam'iyya, ya kuma riƙe lambar katin mutum da lambar wayarsa.

Neman rumfa ma haka. Hukuma ta kwashe wasu masu zaɓe daga rumfuna masu cunkoso zuwa sababbi gab da zaɓen 2023, ta ce kowa ya duba a shafi ko ta saƙon tes. A lissafinta rumfa lamba ce mai gaɓa huɗu: jiha, wadda a Kano 19 ce, sai ƙaramar hukuma, sai mazaɓa, sai rumfa. A lissafin mai zaɓe kuwa rumfa ita ce bayan masallacin Juma'a, ko gindin transifoma, ko makarantar su Ummi. Ranar zaɓe an hana zirga-zirgar ababen hawa, don haka wanda ya je bai ga sunansa a bango ba, da ƙafa zai yi ta zagaye. Kano na da mutum 5,921,370 a rajista a 2023, ita ce ta biyu bayan Legas. Waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Ƙarancin takardun naira da fargaba da yanke ƙauna duk sun taka rawa, amma ɓatan hanya ma na ciki.

IReV kuwa ya faɗi a ranar da aka fi buƙatarsa. Ranar 25 ga Fabrairu 2023 sakamakon 'yan majalisa ya riƙa hawa, na shugaban ƙasa ya ƙi, daga baya hukuma ta ce kuskure ne a saitin manhajar. A zaɓen gwamna na 18 ga Maris ya yi aiki fiye da haka, kuma matasan Kano na kowane ɓangare sun kwana a kansa suna haɗa lissafi, kafin a bayyana Abba Kabir Yusuf da ƙuri'a 1,019,602, Nasiru Gawuna da 890,705. Ko a ranar da yake aiki, shafin ba ya tara jimla. Hotunan takardu ne rubutun hannu, wani a karkace, wani a dushe, sai an bi jiha, an bi ƙaramar hukuma, an bi mazaɓa, a buɗe rumfa ɗaya-ɗaya. Kayan aikin lauya ne da ejan da ɗan jarida. Kuma shari'ar da ta biyo baya ta koma kan takarda tsagwaronta: kotun sauraren ƙararrakin zaɓe ta cire ƙuri'a 165,663 saboda rashin hatimi da sa hannu a bayansu, Kotun Ƙoli ta mayar da su ranar 12 ga Janairu 2024. Mai zaɓe nawa ne aka taɓa gaya wa, da harshensa, ya juya takardarsa ya duba hatimi kafin ya dangwala?

Inda abin ya fi rauni shi ne zaɓen da ya fi kusa da gida. Kansila da ciyaman, masu kwalbati da kwashe shara da asibitin sha-ka-tafi, hukumar jiha ce ke shirya zaɓensu, wato KANSIEC, da rajistar da take karɓa daga INEC. Zaɓen 10 ga Fabrairu 2018 abin da aka fi tunawa da shi shi ne hotunan yara suna dangwale da suka karaɗe kafafen sada zumunta. A lokacin APC ke mulki, ta cinye kujeru duka. Ranar 26 ga Oktoba 2024, bayan hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yuli kan kuɗin ƙananan hukumomi, aka yi wani, NNPP ke mulki, ta cinye shugabanni 44 da kansiloli 484. Jam'iyya ta sauya, salon bai sauya ba. A zaɓen ƙananan hukumomi babu abin da ya yi kama da IReV, sakamako daga hedikwata ake jin sa a dunƙule. Maƙwabciya Kaduna ta gwada na'urar jefa ƙuri'a a 2018 da 2021, mai zaɓe ya ga alamar jam'iyya a allo ya danna, wato dabarar 1959 cikin sabuwar riga, amma a 2024 ta koma takarda.

Gyaran da ake buƙata ba ya neman wata fasahar da babu ita a Kano. Bankuna sun daɗe da koya wa mai shayi tura kuɗi da 'yar lamba a wayar da ba ta da intanet, haka za a iya duba suna da rumfa. Mutanen da ba sa rubutu suna aika saƙon murya kullum, shafi ma zai iya magana. Hukumar da ta iya kawo gilashin ƙara girman rubutu don zabiya, da jagorar ƙuri'a ta makafi a 2019, ba za ta gaza fassara shafuka biyar zuwa Hausa ba, har da ajami idan ta so, ga sashen harsunan Najeriya na Jami'ar Bayero a kusa. Lambar waya ta isa ta maye gurbin imel. Kowace rumfa a sa mata hoton wurin da sunan da unguwa ke kiranta da shi yau, masu unguwanni za su ba da wannan a mako guda. Kafin a saki kowane shafi kuma, a kai shi ƙofar wani kamfani a Sharaɗa lokacin tashi daga aiki, a miƙa wa mutum goma waya a ce su nemo rumfarsu, mai tsara shafin ya tsaya a gefe ya yi shiru ya kalla.

INEC ta sake buɗe rajista ta intanet ranar 18 ga Agusta 2025, kuma tun Oktoban shekarar tana da sabon shugaba, Farfesa Joash Amupitan. Shi ke da hurumin maganar harshe da imel. Maganar sakamakon kansila kuwa tana hannun Majalisar Dokokin Jihar Kano, wadda za ta iya sa wa a dokar KANSIEC cewa dole a manna sakamakon kowace rumfa a bango, a kuma ɗora hotonsa inda kowa zai gani a ranar. Mutanen Ɗorayi suna da ɗan majalisa mai wakiltar Gwale, shi ya kamata su fara tambaya.